Tallan amfanin gona a ƙasar Maska: Tsakanin Facebook da Google

A kowace kaka, da zarar an fara girbin masara a ƙauyukan da ke kewaye da Funtuwa da Malumfashi a kudancin jihar Katsina, akwai wata kasuwa da kan buɗe wadda ba ta da rumfa, ba ta kuma da ranar ci.

Kasuwar tana cikin wayoyin salula ne, inda dillalai da 'yan sari da manyan manoma kan ɗora hotunan buhunan masara da dawa da waken suya a WhatsApp da Facebook, su biyo bayansu da saƙon murya mai bayyana farashi.

Sai dai duk wanda yake Legas ko Accra, idan ya buɗe shafin Google yana neman mai sayar da waken suya a Funtuwa, da wuya ya ci karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan 'yan kasuwa. Waɗanda zai fi samu su ne kamfanonin da ke da ofisoshi a manyan birane, waɗanda su ma daga irin waɗannan kasuwanni suke sayo kayan.

Wannan bambanci shi ne tushen wata muhawara da aka daɗe ana yi a duniyar kasuwanci, kan ko wace hanya ce ta fi dacewa da talla a intanet: kafafen sada zumunta ko kuwa injinan bincike, waɗanda wasu ke yi wa laƙabi da matambayi ba ya ɓata.

A yankin Maska, batun ya shafi wanda zai ci ribar gumin manomi.

Daga Bisije zuwa wayar salula

Tun kafin zuwan Turawa aka san ƙasar Maska da noman auduga da saƙa. Bayan da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, sai garin ya zama cibiyar hada-hadar yankin, kuma a can ne Sarkin Maska yake zaune.

Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wato BCGA, wadda jama'a ke kira Bisije, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi.

A wancan zamani, da ma bayan samun 'yancin kai, manomin auduga ba ya neman mai saye. Hukuma ce ke tsayar da farashi, wakilanta masu lasisi kuma su auna su biya.

Wannan tsari ya zo ƙarshe a shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Daga nan nauyin neman kasuwa ya koma kan manomi da dillali.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a shekarar 2001. A shekarar 2012 kuma gwamnatin tarayya, a lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, ta fara aika wa manoma saƙonnin karɓar taki da iri ta wayoyinsu.

Tun daga wancan lokaci waya ta shiga sahun kayan aikin gona, kafin daga bisani manyan wayoyi masu arha su kai WhatsApp da Facebook har cikin rumfunan kasuwannin Ɗandume da Bakori da Ɗanja.

Yadda hanyoyin biyu suke aiki

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bambancin ita ce a kwatanta mai yawon talla da mai rumfa a kasuwa.

Mai talla shi yake bin mutane har ƙofar gida, ko suna da niyyar saye ko ba su da ita. Haka kafafen sada zumunta suke. Mutum ya shiga ne domin gaisawa da 'yan uwa ko kallon labarai, sai kaya su faɗo a gabansa.

Shi kuwa mai rumfa zama yake yi, mai buƙata ya zo ya same shi. Haka injin bincike yake. Duk wanda ya rubuta tambaya a Google, to ya riga ya san abin da yake so, hanya kawai yake nema.

Ta fuskar biyan kuɗi ma akwai bambanci. A tsarin tallan Google, wanda aka ƙaddamar a shekarar 2000 da sunan AdWords, 'yan kasuwa kan yi gwanjo ne a kan kalmomin da mutane ke rubutawa, kuma galibi ba a cajin mai talla sai an latsa tallansa.

A Facebook da Instagram kuwa, mai talla kan zaɓi irin mutanen da yake son su gani, bisa garinsu da shekarunsu da abubuwan da suke sha'awa.

Kuɗin da ake juyawa a fannin ba kaɗan ba ne. A shekarar 2024 kamfanin Alphabet, wanda ya mallaki Google, ya samu kusan dala biliyan 198 daga sashensa na tallan bincike, yayin da kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu sama da dala biliyan 160 daga talla.

To amma mafi yawan tallan da ake yi a yankin Maska ba na biya ba ne. Hoto ne ko bidiyo da ake ɗorawa kyauta a sitatus, ko a tura a zaurukan 'yan kasuwa. Kuɗin data kaɗai ake kashewa.

Dalilan rinjayen kafafen sada zumunta

Akwai dalilai aƙalla huɗu da suka sa kafafen sada zumunta suka yi wa injinan bincike fintinkau a wannan yanki.

Na farko shi ne harshe. Cinikin hatsi da baki ake yin sa, kuma da Hausa. Tun shekarar 2013 WhatsApp ya fito da saƙon murya, abin da ya ba wanda bai yi karatun boko ba damar yin taya da sallamawa ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba.

Facebook ma ya sanya Hausa cikin harsunansa a shekarar 2016, shekarar da shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya ziyarci Najeriya.

Shi kuwa injin bincike rubutu ne abincinsa. Ko da yake Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara tun shekarar 2013, shafukan intanet da aka rubuta da Hausa a kan kasuwanci ba su da yawa.

Ga kuma matsalar rubutun kansa. Wani zai rubuta Funtua, wani Funtuwa. Wani waken suya, wani waken soya. Wani zai sa ƙugiya a Ɗandume, wani ba zai sa ba. Mai sauraron saƙon murya ba ruwansa da wannan.

Dalili na biyu shi ne amana. A al'adar kasuwancin Hausawa, ba a ɗora wa baƙo tirelar masara don kawai ya yi magana mai daɗi. Sai da dillali ko mai masauki wanda zai tsaya masa, ya kuma karɓi la'adarsa.

Zauren WhatsApp ya gaji wannan aiki. Galibi ba a shiga sai wani ya shigar da mutum, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin yamma labarinsa ya karaɗe sauran zaurukan.

Injin bincike ba ya tsaya wa kowa. Yana nuna shafi ne kawai, sauran kuma tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Dalili na uku shi ne sauri. Farashin buhun masara kan sauya daga wannan kasuwa zuwa ta gaba, shi kuwa tumatirin Ɗanja ba ya jiran kowa. Kwandon da aka tsinko da safe, idan ya kwana biyu bai samu mota ba, asara ta fara.

A irin wannan ciniki, saƙon da ke isa cikin daƙiƙa ya fi shafin da sai an ɗauki makonni ko watanni kafin ya samu gurbi a saman sakamakon bincike. Shi ya sa ma wasu shafukan labarai na Hausa a Facebook suka mayar da wallafa farashin kasuwannin hatsi na jihar Katsina wani aiki na yau da kullum.

Dalili na huɗu shi ne kuɗi. Buɗe shafin intanet na buƙatar sayen suna, da biyan kuɗin ajiya duk shekara, da wanda zai riƙa kula da shi. Tallan biya ma akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kansa, wanda Meta ya fara karɓa daga masu talla a Najeriya a farkon shekarar 2022.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon shekarar 2023 ya ƙara ƙarfafa wannan tsari. 'Yan kasuwa da dama da a da ba sa karɓar taransifa sun koma karɓa, ta yadda yanzu akan ga kaya, a yi ciniki, a biya, duk a cikin waya ɗaya.

Inda gizo ke saƙar

Duk da wannan rinjaye, akwai wani giɓi da kafafen sada zumunta ba su iya cikewa ba, wato jawo sabon mai saye daga nesa.

Sitatus na WhatsApp ba ya zuwa ga kowa sai wanda ya ajiye lambar mai kayan, shi ma mai kayan ya ajiye tasa. Bayan sa'o'i 24 kuma ya ɓace. Zaure ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024.

Bugu da ƙari, saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, don haka injin bincike ba ya ganin su. Ɗan kasuwar da ya shekara goma yana tallan hatsi a can, a idon Google tamkar bai taɓa sayar da ko tiya ɗaya ba.

Ma'anar hakan ita ce, talla a wannan kafa yana kewayawa ne a tsakanin waɗanda suka riga suka san juna.

Su kuwa manyan masu saye, irin su kamfanonin abincin kaji na kudu maso yammacin Najeriya, da masu matse mai daga waken suya, da masu fitar da kaya ƙasashen waje, idan suna neman sabon mai kawo musu kaya, sukan nemi suna mai rajista, da adireshi, da shaidar ingancin kaya. Wurin da ake fara duba irin waɗannan bayanai shi ne injin bincike, kuma a Najeriya fiye da kashi 90 cikin ɗari na binciken intanet a Google ake yin sa.

Wanda ke da shafi, shi ake kira. Idan an ba shi kwangila sai ya juyo ya kira wakilinsa a Dawanau ko Ɗandume, shi kuma ya kira dillali, dillali ya kira manomi. Kowane mataki da rabonsa.

Batun ya ƙara muhimmanci bayan da aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtuwa a watan Mayun 2024, da nufin a riƙa kammala takardun fitar da kaya tun daga can. Tasha na iya rage wahalar sufuri, amma ba ita ke nemo mai saye ba.

Haka nan faɗuwar farashin hatsi a shekarar 2025, bayan da gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwanaki 150 a watan Yulin 2024, ta nuna illar dogaro da masu saye ƙalilan. Manoman da suka sayi taki da tsada sun tarar da kasuwa ta cika, kuma duk wanda suka sani ya riga ya san farashin ya karye.

Darasin shekarar 2021

Wata matsalar ita ce dogaro da kafar da ba mai talla ne ya mallake ta ba.

A watan Satumbar 2021, a ƙoƙarin daƙile 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ɗandume da Faskari. Sai a ƙarshen shekarar aka fara maido da su.

A tsawon waɗannan watanni, wanda ya haɗa da lokacin girbi, kasuwar cikin waya ta tsaya. Mai son aika saƙo ko tabbatar da shigar kuɗi sai ya yi tattaki zuwa inda ake samun sabis.

Katsewar ta shafi duk mai amfani da intanet a yankin, amma illarta ba ɗaya ba ce. Shafin intanet yana ajiye ne a wata kwamfuta da ke nesa, don haka mai nema daga waje zai ci gaba da ganin sa. Shi kuwa sitatus, idan ba a sabunta shi ba, kwana ɗaya ya isa ya shafe shi.

A cikin shekarar ce kuma gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A ranar 4 ga watan Oktobar 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kimanin sa'o'i shida.

A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 bisa zargin keta dokokin bayanan jama'a. A shekarar 2025 kamfanin ya yi gargaɗi a gaban kotu cewa tarin tarar da hukumomin ƙasar suka ɗora masa na iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a Najeriya.

Ko da yake hakan bai faru ba, lamarin ya tuna wa 'yan kasuwa cewa dubban mabiyan da suka tara suna zaune ne a gidan aro.

Damfara da jabun kaya

Ba amfanin gona kaɗai ake tallatawa ba. Kafin faɗuwar damina, taki da iri da maganin feshi su ne ke cika shafukan, kuma a nan manomi ne mai saye.

Hoto ba ya nuna ko an gauraya taki da yashi, ko kuwa hatsi ne aka rina aka zuba a leda da sunan ingantaccen iri. Wanda ya shuka jabu ba zai gane ba sai damina ta yi nisa.

Hukumar kula da iri ta ƙasa ta fito da tsarin Seedcodex, inda ake kankare wata lamba a jikin leda a tura ta waya domin tantancewa. Hukumar NAFDAC kuma ita ke yi wa magungunan ƙwari rajista. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda ta samar da nau'o'in masara na SAMMAZ da na auduga na SAMCOT, ba ta da nisa da yankin.

Irin waɗannan bayanai na tantancewa a rubuce suke, kuma galibi da Turanci. Manomin da ya saba da saƙon murya kaɗai ba kasafai yake kai wa gare su ba.

Sai dai injinan bincike ma ba su tsira ba. 'Yan damfara kan buɗe shafukan bogi da sunan sanannun kamfanoni, wani lokaci har su biya kuɗin talla domin su fito a sama. A kafafen sada zumunta kuwa an fi fama da satar asusun mutane, da shaidar biyan kuɗi ta ƙarya.

Iyaka ta fara gushewa

A 'yan shekarun nan katangar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta fara zubewa.

A shekarar 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya bayyana cewa binciken kamfanin ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na matasa a Amurka, idan suna neman wurin cin abinci, TikTok ko Instagram suke dubawa. Wato kafafen sada zumunta su ma sun zama wurin bincike.

A watan Oktobar 2024 kuma Google ya sanar da ƙara wasu harsunan Afirka, ciki har da Hausa, a tsarinsa na bincike da murya. Hakan ya rage shingen rubutu ga mai tambaya.

To amma tambaya da Hausa ba ta haifar da amsa, sai idan wani ya riga ya ajiye amsar a intanet. Haka abin yake ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wanda ya fito a watan Nuwambar 2022. Su ma daga abin da aka wallafa a fili suke ɗibar bayanai.

A nasa ɓangaren, Meta ya sanar a watan Yunin 2025 cewa zai fara sanya tallan biya a sashen sitatus na WhatsApp. Filin da ƙaramin ɗan kasuwa yake baje kolinsa shi kaɗai, zai riƙa raba shi da masu kuɗin talla.

Ina mafita?

Ga manomin da ke da buhu goma ko ashirin, ba a sa ran buɗe shafin intanet zai amfane shi. Babu kamfanin da zai aiko mota daga Ibadan saboda buhu goma. A wurinsa, zauren WhatsApp da ke sanar da shi farashin Ɗandume kafin ya sallama wa ɗan sari ya riga ya yi masa babban aiki.

Lissafin yakan sauya ne idan aka zo kan ƙungiyoyin manoma, da manyan dillalai, da masu injinan casar shinkafa da gurzar auduga, waɗanda ke iya tara tireloli a lokaci ɗaya, su kuma tsaya a kan inganci iri ɗaya.

Matakin farko a gare su ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sanya sunan shago ko sito a taswirar Google kyauta ne. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC a intanet ake yin ta. Shafi ɗaya mai ɗauke da irin kayan da ake sayarwa, da watannin da ake samun su, da lambar waya, da Hausa da Turanci, ya isa ya sa mai nema ya samu.

Daga nan ciniki zai koma inda ya saba, wato kan waya da murya, da kuma wanda zai tsaya wa baƙo.

Akwai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin ɗan kasuwa. Ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a watan Janairun 2025 ya ƙara nauyi a kan masu ƙaramin jari. Rashin tsaro a sassan Faskari da Sabuwa da Ɗandume ya sha hana manoma zuwa gonakinsu, ya kuma sa masu saye daga nesa ɗari-ɗari da shigowa yankin.

Babu tallan da zai sayar da abin da ba a noma ba, ko ya kai kaya ta hanyar da direba ke tsoron bi.

Abin jira a gani shi ne ko ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar Funtuwa da Malumfashi za su sanya sunayensu a inda baƙi ke dubawa, ko kuwa za su ci gaba da barin wannan ƙofa ga 'yan kasuwar Kano da Legas.